Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Teburin da Hunturu Ya Tsaga

A makon jiya na tsaya ne a inda na share rumfar bayan gida, wadda a da muke ɗaure tumaki a cikinta, na mayar da ita wurin aikin katako, bayan na ajiye alli a 2015 da cikar shekara 35 ina koyarwa. Na kuma ambaci dattijon kafintan da ke bakin layinmu, wanda duk unguwa ke kira Baba, shi kuma har yau ba ya kirana da wani suna sai Hedimasta. A shekarar farko ban wuce ƙananan ayyuka ba, wato kujerar tsugunno, da kantar littattafai, da gyaran ƙafar benci. Rabona da riƙe zarto da niyyar aiki tun muna kwalejin horon malamai a 1976, don haka hannun sai da ya ɗauki lokaci kafin ya tuna abin da aka koya masa.

Aikin farko mai girma autata ce ta jawo shi. Ta gama koyon ɗinki, ta fara karɓar aikin matan unguwa, amma a kan tabarma take shimfiɗa yadi tana yanka a durƙushe, har ta fara kukan ciwon baya. Wata rana da daddare ta ce mini, "Abba, da za ka yi mini tebur mai faɗi irin na teloli, da na huta." Ban taɓa jin wata buƙata ta shige ni kamar wannan ba, domin karo na farko ke nan da wani a gidan ya ɗauki abin da nake yi a rumfar nan a matsayin aiki mai amfani. A daren na zana shi a takarda: tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, wanda ke nufin sai na haɗa falanki uku masu faɗin inci 12 gefe da gefe.

A watan Agusta na 2016 na tafi 'Yan Katako da ke Na'ibawa, ana tsakiyar marka. Wanda bai saba shiga kasuwar katako ba zai ɗauka duk abu ɗaya ne aka jibge, alhali kowane iri da halinsa. Obece fari ne, marar nauyi, mai daɗin yanka, amma farce ma yana yi masa shaida, kuma ƙwari suna son sa. Afara ta ɗan fi shi ƙarfi. Loko, wanda mutanen kudu ke kira iroko, yana da nauyi da maiƙo, yana jure ruwa da gara, sai dai a cikinsa akan ci karo da wani abu mai tauri kamar tsakuwa wanda ke dakushe bakin ƙarfe nan take, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi. Akwai malaina, wadda ake shukawa a gandun daji, sannan ga jan mahogani, ɗan'uwan maɗacin da muke da shi a nan arewa. Shi idona ya faɗa wa, saboda launinsa da yadda yake ɗaukar sheƙi.

Dole in yi wa mai katakon adalci, domin bai ɓoye mini komai ba. Da ya ji abin da zan yi da shi, sai ya ce, "Alhaji, wannan shekaranjiya aka sauke shi daga kudu. In rufin ɗaki ne ba matsala, amma in kayan ɗaki ne, ka jingine shi ya sha iska tukuna." Na ji maganarsa, na kuma ji alamun da kaina, don falankin ya yi nauyin da ya wuce girmansa, kuma da na ɗora tafin hannu a kai sai na ji sanyi kamar na randa. Amma Babbar Sallah ta kama a watan Satumba a shekarar, ɗinki ya taru wa yarinyar, ni kuma na ƙudurta cewa a kan teburina za ta yanka kayan sallar. Kwana biyu da kawo katakon na sa masa zarto. Garin da ke zubowa ba ya tashi a iska, dunƙulewa yake yi kamar jiƙaƙƙen tsaki, zarton kuma yana cijewa a tsakiyar yanka. Duk na gani, na ci gaba.

Na shafa farin gam a gefunan falankan, irin wanda kafintoci ke kira Top Bond. Haɗi ɗaya ya zauna daram. Ɗayan kuwa akwai 'yar kafa a tsakiyarsa wadda haske ke ratsawa, saboda ban fere gefen ya miƙe sosai ba, sai na ɗura mata gam har ta cika, ina ganin na toshe ta ke nan. Daga nan na kawo sanduna uku na tu-bai-tu na gicciya su a ƙarƙashin saman teburin, na shafe su da gam daga wannan baki zuwa wancan, na bi su da ƙusa 'yar inci 3 a kowane taƙi. A tunanina a lokacin, yawan gam da yawan ƙusa su ne ƙarko. Teburin ya fito da kyau, ya sha banish har mutum yana ganin fuskarsa a ciki, kuma a kansa aka yanka kayan sallar kamar yadda na yi buri.

A ƙarshen Disamba, hunturu ya kankama, leɓɓa suna tsagewa, muna kwance wajen ƙarfe biyun dare sai muka ji wata ƙara daga ɗakin ɗinki kamar an tsula bulala a kan fata. Uwargida ta farka tana salati, ta ce, "Malam, ko wani ne ya diro?" Na ɗauki tocila na duba tsakar gida ban ga kowa ba. Sai da gari ya waye yarinyar ta kira ni, muryarta tana rawa. Falankin tsakiya ya tsage tun daga baki har kusan rabinsa, tsagar da ɗan yatsana ke shiga, haɗin nan da na cika da gam kuma ya buɗe daga farko har ƙarshe, busasshen gam ɗin yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai.

Na je na ɗauko Baba. Bai ce komai ba sai da ya sa muka kifa teburin, ya bi sandunan nan da yatsa, ya ƙirga ƙusoshin. Sannan ya karɓi tef ya auna. Tsawon yana nan yadda na yanka shi, ko kaurin zare bai ragu ba, amma da ya haɗa faɗin falankan uku, sai ga shi sun ragu da fiye da inci guda. Ya ce, "Hedimasta, icce ko an sare shi bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. A faɗi yake tsukewa, ba ya tsukewa a tsawo. Kai kuma ka ɗaure faɗinsa a jikin tsawon wani, ka hana shi motsi. Da ya rasa hanya, sai ya yi wa kansa." Ya kuma nuna mini abin da ban lura da shi ba: haɗin da ya zauna daidai tun farko bai ko motsa ba, naman katakon ne ya yage a kusa da shi. Wato inda katako ya haɗu da katako babu kafa, siririn gam ya fi iccen kansa ƙarfi, inda kuwa aka bar rami aka cika shi da gam, babu abin da ke riƙe da shi.

Daga baya, da yake karatu ya zame mini jiki, na bi diddigin maganar a rubuce, na tarar da ita kamar yadda ya faɗa. Katako ba ya fara tsukewa sai ruwan da ke jikinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, daga nan kuma yana bin laimar iskar wurin da yake. A Kano, busasshen katako yakan sauka zuwa wajen kashi 5 a tsakiyar hunturu, ya koma kusan kashi 15 a watan Agusta. Wannan ne dalilin da ƙofar katako ke cijewa da damina har sai an sa kafaɗa, da rani kuma ta saki. Ƙasarmu tana da tazara mai yawa tsakanin waɗannan yanayi biyu, don haka katakon da ya zauna lafiya a Sapele ko Benin bai zama lalle ya zauna lafiya a nan ba. Masassaƙanmu sun daɗe da sanin haka. Mai sassaƙa turmi daga ƙirya ko allo daga aduwa guntu ɗaya yake fafewa da gizago, babu gam babu ƙusa, kuma ba ya yarda ya bar ɗanyen aiki a rana.

Gyaran ya ɗauke mu har watan Maris, kuma a cikinsa ne na koyi mafi yawan abin da na sani a yau. Mun cire ƙusoshin, muka ɓamɓare sandunan, muka raba falankan, muka jera su a inuwa a kan bulo, da 'yan siraran sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa ta ko'ina, muka ɗora nauyi a sama don kada su kantare. Baba ya sa na shafa ragowar fenti a bakunansu, domin ta baki ruwa ke fita da sauri, shi ya sa tsaga ke farawa daga nan. Yakan zo lokaci lokaci ya ƙwanƙwasa su da bayan yatsa. Ɗanyen katako amonsa a toshe yake, busasshe kuwa yana amsawa tas.

Kafin mu taɓa gefunan, sai da ya karɓi filen ɗina, wato abin fere katako na hannu, tsohon Stanley mai lamba 4 da na saya a hannun 'yan gwanjo, ya zare bakinsa ya duba a haske, ya girgiza kai. Mun yi kusan awa guda a kan wasa shi kaɗai. Dutsen wasina ya riga ya yi kwari a tsakiya, don haka muka manna samfefa a kan ɓallen gilashi mai kauri, muka fara da mai kaushi muka ƙare da mai laushi, bakin yana kwance a kusurwar digiri 25 zuwa 30, bayansa kuma a shafe sumul. Da muka mayar da shi, abin da ke fitowa daga mahoganin ya zama dogon ɓawo mai naɗewa, siriri har ana hango yatsa ta cikinsa. A ranar na fahimci cewa wahalar da na sha wata da watanni, ina turawa da ƙarfin ƙirji ina haki, ba ta rashin na'ura mai lantarki ba ce. Ya kuma koya mini wata dabara da nake amfani da ita har yanzu: a ninke falankai biyun da za a haɗa kamar littafi, a fere gefunansu a tare, ta yadda duk karkatar da hannu ya yi a ɗaya, ɗayan zai cike ta idan an buɗe su.

Ba ni da ƙarafan matse aiki masu tsawon ƙafa 3, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin ɗan fansho. Baba ya aiki jikana wurin mai faci ya karɓo tsohon tub na mota, muka yanka shi dogo dogo kamar igiyar guga. Muka shafa gam siriri, muka haɗa da sauri, domin a zafin Maris farin gam ba ya jiran mutum fiye da 'yan mintuna kafin ya fara yin fata, sannan muka naɗe falankan da robar tamau, muka cusa weji, wato guntun katako mai siririn baki, a ƙarƙashinta. Gam ya tsattsafo a kan layin kamar jerin ƙananan duwatsun wuya, alamar ya isa ke nan. Na kai hannu zan goge da tsumma, ya riƙe ni, ya ce in bari ya yi tauri kamar cingam in kankare shi, don wanda aka shafe yakan shige cikin katakon ya hana banish kamawa a wurin. Ba mu kwance ba sai washegari da hantsi.

A zaman jiran ne na tambaye shi sauran nau'o'in gam, tun da na ga yara masu koyon aiki suna shafa Evo-Stik a kusan komai. Ya ce wannan na manna fomeka ne da fata da soso, a shafa a fuska biyu, a bari ya sha iska kamar minti 10 zuwa 15 sannan a haɗa, kuma da zarar sun taɓa juna babu gyara. Ba ya riƙe ƙafar kujera, warinsa yana hawa kai, yana kuma kama wuta, don haka ba a buɗe shi kusa da murhu ko a rufaffen ɗaki. Inda rami ya zama dole a cike shi, ko aikin zai sha ruwa, sai Araldite mai kwaɓi biyu, a auna su daidai wa daida. Loko kuwa, saboda maiƙonsa, sai an goge wurin haɗin da tina, wato ruwan tsinka fenti, ya bushe kafin kowane irin gam ya kama shi da kyau. Farin gam na cikin ɗaki ne, kuma ba ya riƙe bakin katako inda jijiyoyi suka ƙare, don wurin zuƙe shi yake yi kamar rake a juye.

Sandunan ƙasa mun mayar da su ba tare da ɗigon gam ba. Sukuru muka sa, na tsakiya a matse a raminsa, na gefe kuma muka tsawaita ramukansu ta fuskar faɗin teburin, domin saman ya samu wurin tafiya da dawowa. Falankin da ya tsage mun yanke ɓangaren da ya lalace, saboda haka teburin ya koma inci 32 a faɗi, yarinyar kuma ta ce ya ishe ta. Da damina ta dawo na je na leƙa ƙarƙashinsa da tocila, na ga kawunan sukurorin gefe sun matsa daga inda na yi musu alama da fensir, da hunturu kuma suka komo. Teburin yana shagonta a gidan mijinta yanzu, kuma duk lokacin da na kai ziyara nakan durƙusa in duba alamar fensir ɗin.

Ragowar falankin da muka yanke na jingine shi a bangon rumfa, a kan ƙasa, na manta da shi har tsawon damina guda. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin abin da gara ta yi mini ta wannan hanya, da yadda na rasa rabin katakon da na tara don kantar littattafan masallacin unguwarmu.