Auna bugun zuciyar 'yan wasa da kyamara, sana'ar da muke yi a ƙasar Ringim

Rumfarmu tana bakin filin ƙwallo, kuma aikinmu shi ne auna bugun zuciyar 'yan ƙwallo da 'yan dambe kafin atisaye da bayansa, ba tare da an ɗaura wa kowa komai a jiki ba. Duk bugu ɗaya, jini yana ƙaruwa a ƙananan jijiyoyin fuska, launin fata ya sauya kaɗan, sauyin da ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa, musamman a koren haske, wanda jini ke shanyewa sosai. Tun 2008 masu bincike a Amurka suka nuna cewa kyamara ta yau da kullum tana iya wannan aiki.

Gwanintar tana wajen haske. Baƙar fata tana shanye haske da yawa, saboda haka alamar takan zo da rauni. Shi ya sa muka lulluɓe bango da farin yadi, muka kafa fitilar sola wadda ba ta rawa, kuma sai an share gumin goshi da kumatu, yaro ya jingina da bango, sannan mu fara ɗauka. Kyamararmu hoto 60 take ɗauka a daƙiƙa, domin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ta zama daidai, kuma wannan ɗan bambancin ne ke nuna ko jiki ya huta. Bambancin yakan ragu lokacin gudu, ya dawo da hutu. Idan ya ƙi dawowa har washegari, mukan ce wa koci ya sassauta wa yaron. Idan kuma bugun bai sauka da fiye da 12 ba a mintin farko bayan gudu, asibiti muke turawa, domin mu ba likitoci ba ne.

A wani ƙaramin asibiti na koyi ƙirga bugu da yatsu biyu a wuyan hannu, inda maigidana kan sa in maimaita har lissafina ya dace da nasa, kuma har yau nakan gwada kyamara da hannu.

Abin takaici shi ne samarin da ke yawo da manhajar waya, su haska fuskar ɗan wasa cikin tsakar rana yana haki yana motsi, su faɗi lamba. Sai koci ya zo yana cewa, "Malam, ai wancan rabin kuɗinka yake karɓa." Nakan ce ya kawo yaron, mu auna da hannu a gabansa, ya ga lambar wa ta yi daidai.