Agogon da ke bin wata

A Damagaram na tashi, ruwan da na sani bai wuce na tabki da na rijiya ba. Da neman abinci ya kawo ni Sakandi a ƙasar Gana, sai na kamu da son kamun kifi da fatsa a kan duwatsun bakin teku. Damuwata ɗaya ce: yaushe ruwa zai cika, yaushe zai janye?

Wani dattijo a zangonmu, wanda ya daɗe yana aikin jirgin ruwa, shi ya ba ni wani agogo mai nuna lokacin cikar teku da janyewarsa. Hannu ɗaya gare shi tak. In hannun ya miƙe sama, teku ya cika. In ya nuna ƙasa, ruwa ya janye. Lambobin gefe kuwa awannin da suka rage ne. Zagaye ɗaya yana ɗaukarsa awa 12 da minti 25, domin wata yake bi, kuma wata yakan yi awa 24 da minti 50 kafin ya dawo inda ka gan shi jiya, teku kuwa sau biyu yake cika a wannan tsakanin. Shi ya sa cikar yau take makara da kusan minti 50 a kan ta jiya.

Ɗoki ya sa ban jira bayani ba. A ranar na duba jadawalin cikar teku na Takoradi, garin da ke maƙwabtaka da Sakandi, na jira lokacin ya yi, na murɗa ɗan abin juyawa da ke bayansa har hannun ya tsaya sama, na sa batir. Ashe bakwai ga wata ne.

Bayan mako guda na hau dutsena da yamma, agogo ya nuna mini da sauran lokaci. Ina cikin ɗaura ƙugiya na ji sanyi a idon sawu. Kafin in tattara kaya, hanyar da na bi ta nutse, na fito ruwa har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi, ɓawon wani dodon koɗin teku mai kaifi ya yanke ni a tafin ƙafa. Har yau tabon na nan.

Da na koma wa dattijon, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Ɗana, kai da kake lissafin wata saboda azumi, ai bai kamata wannan ya shige maka duhu ba. Jira daren sha huɗu."

"To Baba, me ya sa?"

Ya ce rana ma tana jan ruwa. Idan wata ya cika, ko yana dab da tsayuwa, jansu yakan haɗu a layi ɗaya, a nan ne saiti yake zama daidai. A sauran kwanaki teku yakan riga agogo ko ya makara, wani lokaci har kusan awa guda.

Na sake saita shi ranar da wata ya cika, kuma tun daga nan muke zaman lafiya. Amma na gane lokaci kawai yake faɗa, ba ya faɗin tsayin ruwa. Cikar sha huɗu ga wata takan haura inda ta bakwai ba ta kaiwa, iska mai ƙarfi kuma tana ƙara turo ruwa gaɓa. Don haka nakan ba kaina ratar awa ɗaya, in kuma sauka daga dutse da zarar ruwa ya taɓa wani tsagi da na yi wa alama. Duk wata in ya cika nakan gwada agogon da jadawali, batir kuwa ina canza shi kafin ya yi sanyi.