Jadawalin da na tsayar a kan 4

Har yau idan na tuna gwajin lissafin nan da na yi wa ɗalibaina sai raina ya sosu, don laifin ba na yaran ba ne. Tambayar ba wuya: tsakanin y = x² da y = 2ˣ, wanne ya fi saurin ƙaruwa idan x ya yi nisa? Fiye da rabin ajin suka ce x², wasu suka ce duk ɗaya ne. Ina ta jan jar biro ina mita, sai da na buɗe littafin wata ɗaliba na ci karo da jadawalin da ni da hannuna na rubuta musu a allo mako biyu kafin nan.

Daga x = 1 na fara, na tsaya a 4, saboda allon ya cika kuma an kusa kaɗa ƙararrawa. Ga abin da suka kwafa: x² ya ba da 1, 4, 9, 16, shi kuma 2ˣ ya ba da 2, 4, 8, 16. A kan 2 kunnen doki, a kan 4 ma haka, a kan 3 kuwa 9 ta fi 8. Yaron da ya yarda da malaminsa, me kuma zai ce? Layi ɗaya tak ya rage, inda 32 za ta tsere wa 25, daga nan kuma ba sauran haɗuwa. Shi ne ban rubuta ba.

Washegari ban ba su amsa ba, na ce kowa ya ja jadawalinsa zuwa 10. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wani daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, ko dai na yi kure ne? Nan 100, can kuma 1,024." Na ce bai yi ba, ya gwada 20. Ya samu 400 da 1,048,576.

A nan na gane giraf ma ya taya ni ɓatar da su. Duka biyun lanƙwasa suke yi su yi sama, a ƙaramar takarda kamar Hassan da Hussaini. Don haka na ajiye zane, muka koma kan tazara tsakanin lambobi. A y = 3x + 1 ana samun 4, 7, 10, 13, tazarar 3 ce kullum, ƙaruwar bai-ɗaya ke nan. A x² tazarar 3, 5, 7, 9 ce, ba ta tsaya wuri ɗaya ba, amma in ka sake ɗebewa sai ka ga 2, 2, 2. Wannan ita ce shaidar kwadiratik, wato ƙaruwa irin ta x², kuma lambar da ke fitowa ninki biyu ce ta wadda ke gaban x². A 2ˣ kuwa ko sau nawa ka ɗebe, 2, 4, 8, 16 ɗin ce ke dawo maka. Sai ka raba na gaba da na baya za ka ga asirin: ninkawa ake yi.

Misalin da ya fi shiga kansu shi ne dutsen da aka saki daga sama, wanda ke faɗuwa kimanin mita 5t² cikin daƙiƙa t. Daƙiƙar farko mita 5, ta biyu 15, ta uku 25, ta huɗu 35, wato 5 sau 1, 3, 5, 7, tsarin da Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana tun 1638. Gudun na ƙaruwa, amma da adadi ɗaya kowace daƙiƙa, ba ninkuwa yake ba.

Bayan an tashi, ɗalibar nan ta zo da littafinta a buɗe ta ce, "Malam, ai abin da ka nuna mana na bi." Gaskiyarta. Na soke makin tambayar ga kowa, na sake ba su wata. Yanzu duk sanda zan kwatanta ƙaruwa iri biyu, layin x = 10 nake fara rubutawa a ƙasan allo in bar shi fayau, kuma ba mai rufe littafi sai an cike shi.