Sauti ba kiɗa kaɗai ba ne

Sa'ad da na fara koyon haɗa bidiyo a wani ɗan situdiyo a unguwar Zariya, nan Maradi, in aka ce sauti to kiɗa nake ji. Haka muka tashi da finafinan Kano: mai fiyano shi ne mai buga sauti, in saurayi ya ce fim ɗin nan akwai sauti, waƙoƙin ciki yake yabo. Kalmar kuwa daga Larabci muka aro ta, can tana nufin murya da duk abin da kunne ya ji.

Aikina na farko, wani ɗan wasan kwaikwayo ne da muka ɗauka cikin hunturu, a bakin titi. Hoto ya fito tas. Amma iska tana hura makirfo, 'yan kabu-kabu suna ta wucewa, maganar tsohuwar da ke yi wa jikarta faɗa ta nutse. Sai na lafta kiɗa a kai, wai dabara. Maigida ya saurara, ya cire abin kunne ya ce, "Kai yaro, wa ya aike ka? Tsohuwa na magana ka kira mata makaɗa?"

Ranar ya rarrabe mini abin. Murya daban, kiɗa daban, sannan ga ƙarar ƙofa, takun takalmi, kukan akuyar maƙwabta, kowanne da layinsa a kwamfuta. Dukansu in an haɗa, shi ne sautin fim. Muka kira tsohuwar zuwa situdiyo, tana kallon bakinta a allo tana maimaita maganarta. Ta sha dariya, mu muka sha wuya. Wannan shi ake kira ɗora murya, irin yadda masu fassarar finafinan Indiya ke yi. Ba sabon abu ba ne ma ga 'yan Nijar: fim ɗin da Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauka a Abijan, wanda ya fito a 1958, daga baya Umaru Ganda, ɗan Nijar ɗin da ya fito a ciki, ya ɗora masa muryarsa.

Abin da na fi jinkirin ganewa shi ne shiru. Bayan kowace fitowa, Maigida kan sa kowa ya kame baki, a ɗauki minti guda na ɗakin kawai. Na zaci ɓata batir ne, sai da na yanke tari tsakanin jimla biyu, wurin ya mutu kamar an ɗauke wuta. Da shirun nan na cike ramin. Ashe a cikinsa akwai fanka, da wata tattabara can bisa katanga.