Laraba a Magazin

Yau aiki bai yi yawa ba a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana da ake kira Magazin. Wata tsohuwar tasi kaɗai aka turo mana, ta mutu a tsakiyar hanya. Muka sauke tanki, sai ga ruwa kwance a ƙarƙashin fetur. Wani gidan mai ne ya cuci direban.

Kawu yana zaune a benci yana jiran shayinsa. Da ƙuruciya ya yi aiki a gonakin auduga na Jazira a Sudan, wajen Wad Madani, yana lodin mai da magani a jiragen feshi. Ya karɓi kwalbar da na tari man, ya ɗaga ta ga rana, ya ce, "Ɗana, wannan a mota asarar kuɗi ce. A jirgin feshi sai dai a sayo likkafani."

Daga nan hira ta ɓarke, shayin ma ya huce. Jirgin da ya fi sani shi ne Piper Pawnee: kujera ɗaya, inji ɗaya, tankin magani mai cin galan 150 yana tsakanin injin da matuƙi. An sa shi nan da gangan, don in aka faɗi kada nauyin ya danno mutum ta baya. Tafiyarsa ƙasa-ƙasa ce, mita biyu zuwa uku a kan amfanin gona. To in inji ya ɗauke a nan fa? Jirgin da ke can sama yana da sararin da zai sulalo ya nemi fili. Wannan kuwa 'yan daƙiƙu gare shi.

Abu na farko, in ji Kawu, hannu ya kai ga sandar da ke buɗe ƙasan tanki, maganin ya zube gaba ɗaya, jirgi ya yi sauƙi. Sai ya sauka inda hancinsa ya dosa. Wanda ya ce zai juya ya koma fili, gudu ya ƙare masa, fiffike ya saki iska, ya faɗo da ka. A gona kuma ana bin tsawon kunya ne. In aka gitta ta, ƙafa ta kafe, jirgi ya kifa. Kafin a taɓa ƙasa a rufe mai, a kashe wuta. Ga kuma wayoyin lantarki, waɗanda ba a ganinsu sai an zo dab.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ruwan ke shiga. Man a duro yake a bakin gona, rana ta gasa, dare ya yi sanyi, gumi ya taru a ciki. Shi ya sa kowace asuba sai an tsiyayi kaɗan daga ƙasan tankin man jirgi a gilashi an duba. Man jirgi rinanne ne, ruwa kuwa ba launi, nan da nan ake ganinsa. Aikin yaro ne, kuma nasa ne a lokacin.

Na tambaye shi me ya hana a yi wa koko feshi da jirgi a nan Asante. Ya yi dariya har da tari. Gonakinmu ƙanana ne, ga tuddai, ga manyan itatuwan inuwa sun rufe kokon, maganin ba zai isa ba. "In injin ya mutu kuma, a kan wace bishiyar zai sauka?" Mu dai sai injin goyo a baya.