Kafur ɗin da na saya a banza

Asabar, ƙarshen watan Mayu, garin Fot Kolins a jihar Kolorado ta Amurka.

Goma sha bakwai na ƙirga a banɗaki kafin in yi alwalar asuba. Ban sa da wanda ya faɗo mini a wuya da na ja tawul ba, wanda saura ƙiris ya sa in tashi gidan da ihu ƙarfe huɗu na dare. Ni da nake taka kunama da silifa a Zariya ko a jikina, yau ga ni ina tsalle a kan ƙwaron da bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba.

Kwana uku ke nan da suka fara. Ran Alhamis biyu na gani a jikin labule na share. Jiya na buɗe ƙofar mota guda shida suka tashi daga cikin robar ƙofar. Yau kuwa abin ya zama gayya: bayan firij, cikin takalmin Auta, ƙarƙashin darduma, har cikin akwatin wasiƙu. Launinsu toka-toka da ƙasa-ƙasa, a kowane fiffike akwai ɗigo biyu, ɗaya zagaye, ɗaya kamar ƙwayar wake. In ka kama ɗaya sai ya bar maka wata ƙura mai laushi a yatsa, in ka murƙushe shi a bango kuma ka sayi aikin goga.

Ni dai da na gan su abu ɗaya ya zo mini: asu. Ban manta bargon ulun Baba ba, wanda Inna ta ciro daga ƙasan adaka wata shekara da sanyi ya shigo, ta ɗaga shi a rana muka ga ya zama rariya. Shi ya sa ina idar da salla hankalina ya tafi kan akwatunan nan biyu da ke gareji.

Abban yara yana shan shayi na ce masa zan fita sayen kafur.

Ya ce, "Anya irin wanda kike nufi ne? Waɗannan sun yi girma."

Na ce, "Malam, ka taɓa ganin asu da idonka?"

Ya dube ni, ya dubi kofinsa, ya ce a dawo lafiya. Kun san halinsa. Da ya yi musu da na ji daɗi.

Fakiti biyu na sayo. Kafin ƙarfe goma na jawo akwatunan tsakiyar gareji, na shimfiɗa tabarma, ina zazzage kaya ina cusa kafur a kowane ninki, wari ya cika har falo, Auta yana atishawa. A haka tsohuwar maƙwabciyarmu da muke ce wa Kakarsu ta same ni. Tana wucewa ne da karenta warin ya tsayar da ita, ta leƙo ta ce lafiya? Na nuna mata guda huɗu da ke manne a jikin ƙofa, na ce yaƙi nake da masu cin tufafi.

Tsohuwar nan ta yi dariya har sai da ta dafa mota.

Ta ce ai waɗannan mila ne, duk wanda ya yi bazara ɗaya a Kolorado ya san su. Mu da muka taso daga Ohayo a watan Yulin bara mun zo bayan sun wuce, shi ya sa. Mila, wai mai niƙa, saboda ƙurar fiffiken nan da take kamar garin da ke bin jikin mai aikin inji. Nan take na tuna mai injin bakin layinmu, fari fat tun daga gashin ido har tafin ƙafa, na ce wallahi wanda ya raɗa sunan ya iya.

Na ce to, mai niƙa ko mai daka, ni dai kar ya ci mini atamfa.

Ta ce ba ya ci. Ba shi ma da bakin ci. Ɗan siririn bututu ne a naɗe, da shi yake tsotsar zaƙin fure da dare. Ba ya ƙwai a cikin gida, ba ya taɓa hatsi, ba ya cizo. Wanda ke ɓata ulu wani ne dabam, ɗan mitsitsi, ba ya ma son haske, kuma tsutsarsa ce ke ɓarnar. Waɗannan kwana kawai suke nema. Da asuba ta yi sai su kutsa duk wata kafa mai duhu, in kafar ta ɓulle cikin gida shi ke nan sun rasa hanyar fita. Abin da za su iya yi mini bai wuce wani ɗigo ja-ja da suke bari a bango ko labule ba, shi ma ruwa da sabulu na fitar da shi in ba a bari ya daɗe ba.

Ita a gona ta tashi, can gabas kusa da iyakar Kansas, ta ce ta san su tun suna tsutsa. A gonakin alkama da na ciyawar alfalfa suke yin sanyi, a ƙasa, in an ɗan samu ɗumi su fito su ci ganye. Shekarar da suka yi yawa sai su cinye gona su ɗunguma zuwa ta gaba a jere kamar rundunar soja, kuma daga nan tsutsar ta samo sunanta a wurin manoma. Babanta ya tsane su. In Mayu ta yi sai su yi fiffike, su baro filayen Kansas da Nebaraska da gabashin Kolorado kafin zafi ya sauka, su nufo yamma. Ta ɗaga sandarta ta nuna tsaunukan Roki da har yanzu kawunansu ke da dusar ƙanƙara, ta ce can za su. Mu a hanya kawai muke. Sati biyu, uku, in shekarar ta yi tsanani a kai wata guda ko fiye, sai a nemi ko ɗaya a rasa. A watan Satumba waɗanda suka rayu su gangaro su koma gona su yi ƙwai, amma komawar ba kowa ke lura da ita ba.

Sai ta ce in miƙo mata makullan motata. Na miƙa. Ta taɓa ƙofar da sanda suka tashi, ta karkaɗa makullan, kacau-kacau. Jama'a, sai ga ƙwarin nan sun haukace, wannan ya yi ƙasa kamar an harbe shi, wancan yana wulwulawa. Wai a cikin ƙarar ƙarfen akwai wani siririn sauti da kunnenmu ba ya kamawa, irin wanda jemage ke yi in yana farauta, su kuma suna ji, sai su ɗauka mutuwa ce ta iso. Auta ya ƙwace makullan. Tun daga lokacin ban huta ba.

Kafin ta tafi ta daina dariya ta ce in kwashe kafur ɗin nan kaf in ɗaure a leda, guba ne, kar yaro ya ɗauka alewa ce. Wannan kam ta yi gaskiya, fari ne ƙwal, zagaye, Auta kuma komai baki.

Na shiga ciki Abban yara yana gyara fanka. Na tabbata ya ji komai, tagar a buɗe take. Bai ce uffan ba. Na tsaya ina jiran "ai na faɗa miki" don in samu abin kamawa, sai cewa ya yi in miƙo masa sukundireba.

Tuwon shinkafa, miyar kuka, kukar ta kusa ƙarewa.

A wurin cin abinci Ummi ta karɓe zancen, ashe an yi musu shi a makaranta a makon nan. Ta ce in sun isa saman tsauni, sama da mita 3,000 inda itace ba ya tsirowa, da dare su sha fure, da rana su shige ƙarƙashin tarin duwatsun da suka gangaro. Haka za su yi ta yi har su yi kitse ɓul-ɓul. Sai beyar ta hau. Ba baƙar da ke zuwa ta kifar da bolar mutane a nan ba, babbar, girizli, mai tozo a kafaɗa, ta wajen Yelosuton a Wayomin da gandun Gileshiya a Montana. Ta yi ta kifar da duwatsu da hannu tana lashe su, a yini ɗaya tana iya cin 40,000. Kowane ɗaya kamar rabin kalori, ka ga kalori 20,000 ke nan. Da shi take tara kitsen da za ta yi barcin sanyi.

Na ce ƙarya ne, dabba kamar sa ta ƙoshi da ƙwaro?

Abbansu ya ce, "Ke da kike cin fara da yaji?"

To, ya dai rama.

Auta ya tambaya ko namu na banɗaki ma girizli za ta ci. Ummi ta ce a'a, Kolorado ba sauran girizli, ta ƙarshe an kashe ta a 1979 a tsaunukan San Huwan. Namu sai dai tsuntsaye da jemagu da baƙar beyar in ta samu. Shi ne na gane abin da na gani jiya a danja: tsattsewa kusan talatin suna shawagi ƙasa-ƙasa tsakanin motoci har ina tsoron su bugi gilashi. Ashe waɗanda suka kwana a jikin motoci ne ke tashi in an tsaya, su kuma suna jira a wurin kamar 'yan talla.

Abin da ya tsaya mini shi ne na taɓa zuwa inda za su. Watan Agustan bara, ranar da muka bi hanyar nan ta Tirel Rij daga Estes Fak, wadda ta hau har mita 3,713, kaina yana sara, ina riƙe da kujera ina salati a kowace kwana. Mun tsaya a gefen irin tarin duwatsun da Ummi ke faɗa. Na ga wani abu kamar ƙatuwar gafiya ya baje a rana yana fito, da wani ɗan ƙarami kamar zomo mai gajeren kunne ya cika baki da ciyawa yana gudu, can ƙasa kuma garken manyan barewar nan masu ƙaho kamar reshen itace. Na ɗauki hotuna na ce wurin shiru, ba kowa. Wataƙila a ƙarƙashin ƙafata akwai dubbai a kwance. Mu da mota muka hau ina ƙorafi.

Ƙarfe ɗaya na kira Inna, takwas na dare a can. An yi ruwa shekaranjiya. Na ba ta labarin tun daga banɗaki har beyar, tana ta "ikon Allah". Da na gama tambaya ɗaya ta yi.

"To ana ci?"

Na ce Inna ba a ci.

Ta ce, "Asara. Mu nan shinge ya fito daren jiya, yaran gidan nan sun cika kwano biyu."

Na ce mata tsohuwar nan ma dabarar da ta koya mini ke nan: a sa ruwa a roba, a ɗiga sabulun wanke-wanke, a ajiye ƙarƙashin fitila, a kashe sauran fitilun gida. Inna ta ce wannan ai ba sai Baturiya ta koya miki ba, ban da sabulun. Muka yi dariya. Sai ta ce, tunda kin buɗe akwatin, kin ga shuɗiyar nan mai ganye?

Na gani. Ita ce ta uku daga sama. An ɗinka ta, riga da zani da ɗankwali, har yanzu da zaren da tela bai yanke ba a hammata. Ita ta kai ɗinkin da kanta ana sauran kwana biyar mu taso, ta ce in sa ranar da na fara shiga mutane a can.

Ta ce, "Ta yi miki kuwa? Na ce masa ya ɗan sake ta."

Na ce ta yi, Inna.

Shekara huɗu ke nan da muka baro gida. Bayan mun ajiye waya na koma gareji na zauna a tabarmar. Atamfa goma sha ɗaya, leshi uku, shadda biyu, ba huji ko na allura, ba abin da ya taɓa su. Guda biyu kawai na taɓa sawa, duk ranar idi, su ma da ƙatuwar rigar sanyi a kai. Kullum wando da doguwar riga da hijabi, a fita aiki, a dawo. Na tashi da asuba zan yi yaƙi a kan kayan da ni kaina ban waiwaye su ba tun Ohayo, kuma na yi wa Inna ƙarya a kan riga. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ummi ce ta leƙo ta ce Mama la'asar ta yi.

Kafur yana leda, ledar tana cikin wata ledar, a saman kanta inda hannun Auta ba ya kaiwa. Dala tara.

Gab da magariba Kakarsu ta ƙwanƙwasa katanga ta ce in zo in ga wani. A kan furanninta wani abu ne ke tsaye a iska, fiffike na kaɗawa har ba a gani, ya zura dogon baki cikin fure. Na rantse tsuntsu ne. Ta ce ɗan'uwan na banɗakina ne, babban. Da ya matso na ga fararen layuka a bayansa, da wani ratsi ruwan hoda a fiffiken ƙasa. Ya bi fure biyar ɗaya bayan ɗaya, ya yi baya-baya, ya ɓace ta kan rufin. Wannan da shi ya shigo mini gida da ban ɗauko silifa ba, kuma na san ba adalci a ciki.

Robar tana ƙarƙashin fitilar kicin. Tara sun faɗa zuwa yanzu. Abban yara ya ce a bar sauran, gobe da sassafe a buɗe ƙofar baya su kama gabansu. Na ce sai dai shi ya tashi ya buɗe.

Na gwada shuɗiyar bayan yara sun kwanta. Ta matse a hannu, zif ɗin bai kai sama ba. Na rataye ta a bayan ƙofa ta sha iska, warin kafur ya kama ta. Yanzu haka akwai ɗaya a kan kafaɗarta, ya naɗe fiffike, kuma makullan suna ƙarƙashin matashin Auta.