Tarihin John Donne, kashi na 4: Auren da aka ɗaura a ɓoye

Makon jiya mun rabu da Donne, mawaƙin Ingila, bayan ya dawo daga yaƙin Kadiz, wani birni a Sifen, na 1596. Ba a jima ba ya samu aikin da kowane saurayi mai ilimin shari'a a Landan ke mafarkinsa, ya zama magatakardan Sir Thomas Egerton, mai riƙe da babban hatimin Sarauniya Elizabeth. Ga yaron da ya tashi a gidan Katolika, wanda ƙaninsa Henry ya rasu a kurkukun Newgate a 1593 saboda ya ɓoye wani limamin Katolika, wannan ba ƙaramar sa'a ba ce. A 1601 har kujerar majalisa ya samu.

To, a gidan ubangidan nasa, York House, akwai wata yarinya, Anne More, ɗiyar Sir George More, ɗan'uwan uwargidan Egerton. Donne na shiga yana fita da takardu, ido ya saba da ido, sai zuciya ta bi. Ya san sarai ba za a ba shi ita ba. Gadon da mahaifinsa ya bar masa ya riga ya tafi a tafiye-tafiye da littattafai, ga baitocin soyayyarsa na yawo hannu da hannu, irin waɗanda babu uban da zai karanta ya ce ga suruki.

A Disamban 1601 suka ɗaura aure a asirce, amarya na da kimanin shekara 17. Abokinsa Samuel Brooke ne ya ɗaura, ɗan'uwan Samuel ɗin, Christopher, ya tsaya a madadin waliyyi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin da ya zauna a Lincoln's Inn, makarantar lauyoyi a Landan, yana karatun doka, ya kasa tunkarar uban yarinya ido da ido. Sai a Fabrairun 1602 ya aika masa wasiƙa.

Sir George ya hau dokin zuciya. Aka jefa Donne kurkukun Fleet, aka kulle 'yan'uwan nan biyu su ma, Egerton kuma ya sallame shi daga aiki. Zaman kurkukun bai yi tsawo ba, a watan Afrilu ma kotun coci ta tabbatar da auren. Amma aikin ya tafi ke nan. Ko da surukin ya huce ya roƙi a mai da shi, Egerton ya ƙi.

Ango da amarya suka koma ƙauyen Pyrford, suka raɓa a gidan ɗan'uwan Anne, Francis Wolley, kusan kowace shekara da goyo. Kuɗin aure da uba ke bai wa 'yarsa kuwa, Sir George ya riƙe abinsa har 1609.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi su gidansu na Mitcham.